Shirun mutumin ƙauye ba ya nufin manhajarku lafiya take

Masu ƙera manhajojin waya suna da wata ɗabi'a da ke ci min rai. Da zarar sun saki sabon abdet sun ce ya kammalu, sai su koma ƙirga taurari da ƙorafin da aka rubuta a Play Store, in ba su ga hayaniya ba shi ke nan wai komai daidai. To wa ya ce musu dillalin awaki a kasuwar Maigatari yana zama ya rubuta ƙorafi da Turanci? Shi fa in manhajar banki ta ƙi buɗewa ranar Alhamis, ga mai dabba tsaye yana jiran alat, wurin yaron da ke cajin waya zai nufa ya ce "ɗan nan duba min, tunda ta ce in sabunta ta rikice", yaron ya goge hotuna da bidiyo don a samu wuri, in ta ƙi sai a ce ai wayar ce ta tsufa. Maganar ta mutu a rumfar caji kenan, kamfani bai ji ko ɗuriyarta ba.

Kuma ko ƙorafin da ya isa wurinsu ma, yawan masu yinsa suke kallo, ba girman ɓarnar ba. A watan Oktoban 2018 Microsoft ta saki abdet na Windows 10 da ya riƙa goge wa wasu mutane fayilolinsu, alhali masu gwaji sun kai rahoton tun kafin a sake shi, amma da yake su kaɗan ne sai rahoton ya nutse. Dole ta janye shi, ba ta mayar ba sai a Nuwamba, ta kuma ƙara wurin da mai ƙorafi zai nuna tsananin matsalarsa. In haka ta faru da masu kwamfuta da ke rubutu da harshen kamfanin, ina ga mai ƙaramar itel a Sule Tankarkar?

Abin takaicin, dabarar tana nan. Google ta ba su damar sakin abdet ga kaso kaɗan na mutane tukuna, su dakatar in an ga matsala. Sai dai dakatarwar ba ta yiwuwa in ba ka ji kukan kowa ba.

Ni dai a ganina duk kamfanin da ke cin kuɗin mutanenmu, musamman tun ƙarancin takardun naira na 2023 da ya tura kowa tiransifa, wajibi ne ya buɗe layin da mutum zai aika saƙon murya da Hausa, kuma a samu mai saurare. Su riƙa tambayar masu POS, don su ne ke fara ganin matsala tun da safe. Sannan don Allah a daina kashe tsohuwar manhaja rana ɗaya, a bar ta tana aiki na wasu makonni, wanda datarsa ta naira ɗari biyu ce ba zai iya sauke abu mai nauyi a tsakiyar ciniki ba.