Goron Sallah ba sai da bashi ba

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, maza da mata.

Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, hankalin da yawa daga cikinmu yakan tashi. Lokacin da ya kamata mu duƙufa neman daren Lailatul Ƙadri, sai ka tarar saurayi yana lissafin kayan toshi, amarya tana tunanin abin da za ta kai gidan surukai, wanda ya fara aiki bana kuma yana jin kamar duk dangi shi suka zuba wa ido. Daga nan sai a shiga neman rance. Wannan ya ci adashin da bai san yadda zai ƙarasa zubinsa ba, wancan ya jinginar da babur, wani kuma ya sauke manhajar bashi a waya, irin waɗanda idan ka makara da biya suke tura wa mutanen da ke cikin wayarka saƙon tozarci. Iyayenmu sun daɗe da faɗa cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Ina roƙonku don Allah, kada bana maganar ta faɗa a kanku.

Kowa ya san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma komai ya bi ta ya hau, daga shinkafa har zare da allura. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, shi ma ba kowa ke samunsa ba. Mai wannan albashi idan ya shiga Kantin Kwari da niyyar ɗinka wa budurwa kala uku, ya saya wa uwarta atamfa, ya haɗa da takalmi da jaka, to ya cinye watansa da na gaba. Addini bai ɗora masa haka ba. Abin da aka wajabta a ƙarshen azumi shi ne zakkar fidda kai, sa'i ɗaya na abincin da ake ci a gari a kan kowane mutum, ga wanda yake da hali. Kyauta kuwa sunna ce mai kyau, kuma an bar wa kowa ya yi daidai ƙarfinsa.

Ku duba yadda Manzon Allah (SAW) ya sauƙaƙa abin. Ya ce mu riƙa yi wa juna kyauta, za mu so juna. Ya gargaɗi mata musulmi cewa kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta, ko da kofaton akuya ne. Ya ce wa Abu Zarri idan ya dafa romo ya ƙara masa ruwa domin maƙwabta su samu. Da Nana A'isha ta tambaye shi wa za ta fara ba tsakanin maƙwabta biyu, sai ya ce wanda ƙofarsa ta fi kusa. Kofato da romo ya ambata, abin da ke cikin tukunyar kowane gida.

To mene ne a hannunku? Ƙannena mata, ku ne kuka fi kowa sa'a a nan, idan har za ku zauna kusa da tsofaffin gidanku ku koya. Ɗauki kantu. Riɗi kwano ɗaya za ki wanke, ki rege tsakuwa, ki shanya ya bushe, sannan ki soya shi a tukunya babu mai har ya fara ƙamshi yana tsalle. Ki narka sukari a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi ja, ki juye riɗin ki gauraya da sauri, ki baza a faranti da kika shafa wa mai, ki murza da kwalba, ki yanka tun yana da ɗumi. Idan ya huce ba zai yanku ba, sai dai ya farfashe. Kwano ɗayan nan zai isa gidaje da dama.

Nakiya ta fi wannan aiki, amma ta fi shi daraja a idon manya, kuma tana daɗewa ba ta lalace ba. Shinkafar tuwo ake wankewa a shanya, a soya, a niƙa da citta da kanumfari da masoro, a haɗa da dafaffen sukari ko zuma da man shanu, a kirɓa a turmi har ta haɗe jikinta, a dunƙula. Ki kai wa gwaggonki nakiyar da kika kirɓa da hannunki ki ga yadda fuskarta za ta canza. Za ta juya ta a hannu, ta gutsura, ta gaya miki ko sukarin ya yi yawa, daga nan ta shiga ba ki labarin garar aurenta. Kwalin lemon kanti ba ya jawo irin wannan hira. Haka dubulan da alkaki da cincin da tuwon madara. Idan kuɗin fulawa da mai sun fi ƙarfin mutum ɗaya, ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku tara kuɗi ku sayo kayan a sari, ku soya a gida ɗaya, ku raba. Man da zai ishi mutum ɗaya suya kusan shi zai ishe ku duka, ga sauƙin gawayi.

Akwai kyautar da nake ganin mun yi watsi da ita alhali ta fi zaƙi amfani: kayan miya da aka gyara. Yaji da aka daka da barkono, citta, kimba, masoro, tafarnuwa da ƙuli-ƙuli, aka tankaɗe shi ya yi laushi. Kuka mai kore shar wadda aka shanya a inuwa. Kuɓewa busasshiya dakakkiya, daddawa, garin kunun gyaɗa ko na tsamiya. Gidan da aka kai wa waɗannan sai ya yi makonni yana amfana, kuma a wannan zamani matar da aka ɗauke wa sayen kayan kaɗi na wata guda ta san an yi mata alheri. Sannan ku riƙa tunanin wanda za ku kai wa. Dattijo mai ciwon suga ba a kai masa alkaki tsamo-tsamo cikin zuma. Mai hawan jini kuma a rage gishiri da ɗanɗano a yajinsa. Wannan kulawar ita ce ke nuna ka san mutum, ba fita hakki kawai kake yi ba.

Sai dai abin hannu yana da sharaɗi, wato tsafta. Kada ki rufe cincin ko dambun nama a roba yana da zafi, zai yi gumi ya yi fumfuna kafin kwana uku. Gyaɗar da ta yi baƙi ko ta canza ɗanɗano ki tsince ta ki zubar, domin fumfunar gyaɗa tana illa ga hanta. Man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi a bar shi. Kwalbar bama ko robar bota da aka wanke da ruwan zafi aka shanya ta bushe ƙarau ta isa mazubi. Ki ɗora a faranti, ki rufe da faifai mai kyau ko ƙyalle mai tsafta, ya wadatar.

Samari, kada ku ce wannan zancen mata ne. Wanda ya iya aski ya tara yaran layinsu daren Sallah, musamman marayu, ya yi musu kyauta. Tela ya ware ɗinki ɗaya ko biyu cikin ragowar yadi ya yi wa ɗan maƙwabci wanda ya san ba a yi masa ba. Mai gyaran wuta ya je gidan kawunsa ya gyara soket ɗin da ya shekara yana tartsatsi. Mai adaidaita sahu ya ware safiya ɗaya ya kai kakarsa gaishe-gaishen da ƙafa ta hana ta zuwa. Wanda ba shi da sana'a ko ɗaya yana da ƙarfi: ya share zaure, ya yi wa mahaifinsa wanki da gugar babbar riga, ya cika wa gwauruwar unguwa randunanta. Ranar babbar Sallah gidaje nawa ne ake yanka rago a rasa mai fiɗa? Ka je da wuƙarka ka feɗe, ka gyara kayan ciki, ka babbake kai da ƙafa, ka ƙi karɓar ko sisi. Kuma tun da babbar Sallah a 'yan shekarun nan tana zuwa ne a farkon damina, dashen zogale ko gwaiba ko mangwaro da ka raina a leda kyauta ce da za a daɗe ana ci.

Wani abu mai sauƙi da tsofaffi suke matuƙar so shi ne hoto. Wayoyinmu cike suke da hotunan jikoki, amma kaka ba ta da ko ɗaya da za ta riƙe. Ka zaɓi guda ɗaya ka kai a wanke maka, ka sa a firam.

Barka da Sallar yara ma mun mai da ita wahala. Mutum ya je bakin banki ko tasha ya sayi sabbin kuɗi, ya ba da dubu goma a ba shi ƙasa da haka, don kawai takardar ta zama sabuwa. Asara ce, ga maganar riba da malamai suke jan kunne a kai, ga shi dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana cinikin takardar naira. Yaro ba ruwansa da sabunta. Ka ba shi abin da ke aljihunka, ko ka ƙulla masa alawa da cincin a leda, ka shafa kansa ka sa masa albarka.

Yanzu bari in juyo kan masu karɓa, domin rabin matsalar daga nan take. 'Yar'uwa, idan kika raina abin da saurayi ya kawo don ƙawarki ta ɗora nata a TikTok, ke kike tura shi ga bashi ko ga abin da ya fi bashi muni. Kuma idan Allah ya yi auren, a ɗakinki za a biya bashin nan. Ba ki san yadda aka samo abin da kika gani a waya ba, ba ki san ko aro ba ne. Iyaye mata ma ina roƙonku da girmamawa, ku daina auna surukai da nauyin kayan azumi. Yaron da ya zo da ƙwaryar goro da sallama, ya durƙusa ya gaishe ku, ku karɓa da fuska a sake. Manzon Allah (SAW) da kansa ya ce da za a ba shi kyautar ƙafar dabba zai karɓa. Idan an aiko yaro da kwano, kada a mayar da shi wayam. Yaba kyauta tukuici, ko da dabino uku ne da addu'a.

Ku kuma masu bayarwa, ku bar ɗaukar hoton abin da kuka kai wa mabuƙaci. Baiwar Allah ta karɓi kwanon shinkafa da kunya, washegari ta ji ana maganarta a unguwa saboda an gan ta a waya. Wallahi wannan yana ɓata ladan, yana kuma sa mutane su gwammace yunwa da karɓa.

Kada ku manta da maƙwabta Kiristoci. A garuruwa irin su Kaduna da Jos da Zariya an saba a kai musu waina da naman Sallah, su ma su aiko da shinkafa da cincin ranar Kirsimeti. Inda rikici ya raba unguwanni al'adar ta yi rauni, kuma matasa ne za su iya farfaɗo da ita da kwano ɗaya.

Shawarata ta aiki ita ce ku fara da wuri. Tun tsakiyar azumi ka zauna ka rubuta gidajen da za ka je: iyaye, kakanni, gwaggo da kawu, malamin da ya koya maka karatun allo, maƙwabcin da ƙofarsa ta fi kusa, da ɗan'uwan nan da kuka yi shekara ba ku magana. Ka ware kuɗin da ka san ba zai taɓa cefanen bayan Sallah ba, ka tsaya a kansa. Riɗi da gyaɗa da barkono a saya kafin makon ƙarshe, lokacin da kasuwa take cika farashi ya tashi. Yaji da nakiya da kantu za a iya yinsu mako guda kafin Sallah, cincin da dubulan kwana biyu ko uku, waina da miyar taushe kuwa sai safiyar ranar. Kuma in da hali kada ka aika, ka kai da kanka, tunda zumunci a ƙafa yake. Ka zauna ko na minti goma ne, ka ajiye waya a aljihu, ka tambayi lafiyar ƙafar Baba da ta daɗe tana damunsa.

Allah ya karɓi ibadunmu, ya nuna mana Sallah lafiya.