Rosari Ba Laya Ba Ne

'Yan'uwa a cikin Almasihu, salama a gare ku.

Jiya na shiga motar haya, sai idona ya faɗa kan Rosari, carbin addu'ar da mu Katolika muke ja, rataye a madubin direba yana lilo, ƙura ta lulluɓe shi har giciyen ya yi fari. Na ce masa, "Ɗana, yaushe rabonka da ka ja shi?" Ya yi shiru, can ya ce, "Mama, ai don tsari na rataye shi." Maganar nan ta kwana a raina. Ban ga laifinsa sosai ba, domin mu iyaye muna saya wa yara Rosari ranar baftisma, mu kai wa Fada ya sa albarka, mu rataya musu a wuya, amma ba ma zama mu gaya musu daga ina ya fito da kuma abin da ake yi da shi.

Tun ƙarni na 4, a hamadar Masar, akwai wani mai zaman zuhudu, Bulus na Ferme, wanda yake da addu'o'i 300 a kowace rana. Yakan tara tsakuwa 300 a rigarsa, duk addu'ar da ya gama ya yar da ɗaya. Tsakuwar ba ta da wani ƙarfi. Aikinta kawai ta riƙe masa lissafi, zuciyarsa ta samu sukunin fuskantar Allah.

Daga baya, a gidajen zuhudu na Turai, ana rera Zabura 150 da harshen Latin, a kammala su cikin mako guda. To, ina labarin masu noma gonar gidan, da masu kiwo, da matan ƙauye waɗanda ba su taɓa riƙe littafi ba? Sai aka ce su yi "Ubanmu wanda ke sama" sau 150 a madadin Zabura, suna ƙirgawa da igiya mai ƙulli ko duwatsu da aka jera a zare. A hankali gaisuwar da mala'ika Jibra'ilu ya yi wa Maryamu a Luka 1:28, haɗe da ta Alisabatu a Luka 1:42, ta shiga wannan lissafi, har ana kiran addu'ar Zaburar Maryamu. Wannan ne abin da ya fi taɓa ni a duk tarihin: Rosari addu'ar talaka ce tun asali, an yi ta ne don kada rashin karatu ya hana kowa yabon Allah. Sunan kansa daga Latin ne, ma'anarsa lambun furen wardi.

Mun gaji labari cewa Uwarmu Maryamu ce ta danƙa shi ga Waliyyi Dominik, wanda ya rasu a 1221, kuma 'ya'yan ƙungiyarsa sun yi ɗawainiyar yaɗa shi ƙwarai. Siffar da muke riƙe da ita yanzu kuwa sannu a hankali ta ginu. A farkon ƙarni na 15, wani mai zuhudu a birnin Tiriya na ƙasar Jamus, shi ma sunansa Dominik, yakan ƙara ɗan guntun zance bayan sunan Yesu a kowace gaisuwa: wanda aka haifa a Baitalami, wanda aka giciye dominmu, har guda 50. Daga irin wannan ne asirai, wato al'amuran rayuwar Yesu da Maryamu da ake tunani a kansu yayin jan Rosari, suka samo tushe. Paparoma Piyus na 5 ya tabbatar da tsarin a 1569, aka daɗe da asirai 15. A 2002 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya ƙara biyar na Haske, daga baftismar Yesu a Urdun zuwa kafa Jibin Ubangiji, suka zama 20.

Ku duba asiran nan ɗaya bayan ɗaya, za ku ga rayuwar Yesu ce ake bi tun daga cikin mahaifiyarsa har kabari, har tashinsa. Baki yana gaishe da Maryamu, zuciya tana kallon Ɗanta. Ita ma abin da ta yi ke nan, domin Luka 2:19 ya ce ta riƙe dukan al'amuran nan tana tunani a kansu a zuciyarta.

A wurin kakata na fara gane haka. Ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma asirai 15 suna kanta tsaf. Rosarinta na katako ne, 'ya'yansa sun goge sun yi santsi don yawan ja, ya tsinke wuri biyu ta ɗaure da zaren ɗinki. Bayan tuwon dare takan tara mu a tabarma kusa da fitilar ƙwai. Mu yara barci muke ji, sai mu dinga sauri. Idan muka zo asiri na huɗu na Baƙin Ciki, inda Yesu yake ɗauke da giciye, sai ta ɗaga hannu ta ce, "A hankali, yara, kaya ne a kansa." Ta binne 'ya'ya uku da ranta. Sai da na girma na san cewa a wannan wurin take sauke nata kayan.

Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ji mun kwashe Rosari kafin Misa kamar ana korar mu, ɓangare ɗaya bai rufe baki ba ɗayan ya ɗauka. Paparoma Bulus na 6 ya faɗa a 1974 cewa Rosarin da babu tunani a cikinsa jiki ne ba rai. Idan 'yan'uwanmu na wasu ɗariku suka karanta mana Matiyu 6:7, inda Yesu ya hana maimaita surutai marasa ma'ana, kada mu yi saurin fushi, mu fara duba yadda muke yi. Maimaitawa kanta ba laifi ba ce. Zabura 136 ta nanata madawwamiyar ƙaunar Allah sau 26, Ubangijinmu kuma a Getsamani ya koma addu'a karo na uku da kalmomi iri ɗaya, Matiyu 26:44 shaida ce. Abin da aka hana shi ne baki yana motsi, hankali yana kasuwa.

Iyaye mata, 'yan Zumunta, katakis-katakis ɗinmu, ina roƙonku. Watan Oktoba, wanda Paparoma Liyo na 13 ya keɓe wa wannan addu'a tun 1883, kada ya wuce gidajenmu shiru. Idan asirai biyar na rana sun yi wa yara yawa, a yi goma guda, wato asiri ɗaya da gaisuwar Maryamu sau goma. A fara karanta ayar asirin, a ɗan yi shiru, sannan a ja.

Abin da na gaya wa direban ke nan kafin in sauka: ya sauko da shi, ya goge, ya ja goma guda a tasha lokacin da yake jiran fasinja. Ya ce zai gwada. Ku sa shi a addu'a. Yau Juma'a ce, ranar asiran Baƙin Ciki, a gidana za mu fara da Luka 22:39 bayan cin abincin dare.