Sallamar wanda aka zarga da raina kotu ba ta rufe ƙofar ɗaukaka ƙara

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan alƙali ya sallami ɗan kasuwar da aka zarga da raina kotu, magana ta ƙare, tunda laifi ne mai kai mutum gidan yari. Wannan fahimta tana damuna, domin a Ingila ba haka doka ta tanada ba. Sashe na 13 na Dokar Gudanar da Shari'a ta 1960 ya bai wa mai ƙorafi damar ɗaukaka ƙara, saboda don kare haƙƙinsa aka bayar da umarnin da aka karya. Misali, bankin da ya ga an kwashe dukiyar da kotu ta hana taɓawa zai iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, amma sai ya nemi izini tukuna.