Gem din da ake ce ma "ba laifi" shi ke cinye mana kudi da fetur

Ranar Asabar bayan la'asar na biya shagon kanena can wajen Kofar Kaura, gidan gem ne dan karami, tibi hudu, PS4 ukku sai PS5 guda daya da ya saya hannu na biyu. Yara sun cika benci kowa na jiran layin kwallo, ana ta musu kan wa zai dauki Madrid, amma tibin da ke lungu ba kowa gabanta. Far Cry 6 ne a kunne, dan wasan na tsaye bakin teku rike da bindiga, fad din na ajiye kan kujera. Na ce mashi, kai ba wannan ba ne ka dame ni da waya kwanaki kana cewa ka samo gem? Ya yi shiru kadan sannan ya ce, "Wallahi Yaya gem din ba laifi, yana da kyau, kawai dai ba ya kama mutum ne."

Wannan maganar tashi ita ta sa ni rubutun nan, don na dade ina ganin irin wadannan gem din na ba yabo ba fallasa sun fi cutar da mu nan fiye da wadanda kowa ya san ba su da kyau.

Mummunan gem ai labarinshi na riga shi isowa. Lokacin da kamfanin Konami suka canza ma gem din kwallonsu PES suna zuwa eFootball a 2021, kafin kwana biyu hotunan fuskokin 'yan wasa da suka lalace sun zagaye Facebook da WhatsApp, har kamfanin da kanshi ya fito ya ba da hakuri. Cyberpunk 2077 da ya fito Disambar 2020 ya dinga makalewa a PS4 har Sony suka cire shi daga shagonsu na intanet suka maida ma mutane kudinsu. Irin wannan ka ji, ka kauce, kudinka na aljihunka. Na kwarai kuma ba ya bukatar talla, duk wanda ya tashi zamanin PS2 a garin nan ka ambaci GTA San Andreas ko God of War yanzu zai fara ba ka labarin mishan din da ya hana shi barci, alhali gem din tun 2004 da 2005 suka fito. To na tsakiyar fa? Shi ba mai gargadinka a kanshi. Hoto garau, sauti lafiya, ba ya makalewa, ka kunna awa biyun farko ka ce ma sha Allah, sai ka kai awa goma sannan ka gane abu daya kake ta maimaitawa tun farko.

Masu sharhin gem a Amurka da Turai maki suke ba da wa, akwai shafin Metacritic da ke tattara makin ya fitar da guda daya cikin 100, kuma irin gem din da nake magana yawanci saba'in da 'yan kai suke samu. A wajensu saba'in na nufin "ka gwada in kana da lokaci". Ni ban ce karya suke ba, amma mai wannan sharhin galibi kyauta kamfani ke aiko mashi da gem din, wuta ba ta daukewa a dakinshi, intanet dinshi ba a lissafa mashi da gigabait. Mu kau tun da PS5 ta fito a 2020 manyan gem suka tashi daga dala 60 zuwa dala 70, kuma a 2024 dala ta haye naira 1,500, ka lissafa da kanka, faifai daya ya wuce naira dubu 100 a shekarar da aka sa mafi karancin albashi dubu 70. Na san yawancinmu ba sabo muke saye ba, ko dai na hannu daga Kano ko musanye da aboki ko a loda maka a shago, amma ko kyauta aka ba ka gem din akwai abin da dole ka biya, data ta saukar da afdet wanda wani lokaci sai ka bar na'urar a kunne dare guda, sai kuma fetur, wanda tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 duk mai janareta ya san yadda ake ji in ana zuba shi.

Shi ya sa abin da ya fi bata mani rai shi ne tsawon banza. Dauki Far Cry 6 din nan na 2021. Tsibirin da masu gem din suka kirkira mai suna Yara, mai kama da Kuba, yana da kyau kwarai, sun dauko dan fim Giancarlo Esposito ya fito a matsayin shugaban kama-karya, kuma duk sanda ya bayyana sai ka gyara zama. Amma sau nawa yake bayyana? Dan bidiyo ne tsakanin mishan, sauran lokacin kai ne da taswira cike da alamomi, je ka kwace wannan sansanin soja, je ka fasa wancan shingen, je ka tarwatsa bindigar kakkabo jirgi, ka gama a nan ka tafi wani yanki ka tarar da irinsu sak suna jiranka. Wanda ya buga Far Cry 3 tun 2012 ya riga ya san kashin bayan abin. Ba wai aikin ba shi da inganci ba ne, harbin na da dadi, motocin na tafiya daidai, amma kamar mai shayi ne ya kara ruwa a butar don ta kai ma kowa.

Assassin's Creed Valhalla ma haka, na 2020, labarin mayakan Vikings da suka shiga Ingila a karni na 9. Labarin kawai ba tare da ka tsaya tsince-tsince ba yana cin awa kusan 60. Ko mu dauka lita daya na kai ka awa biyu a karamin janareta, lita 30 ke nan ka kona don ka ga karshen labarin da rabinshi kulla kawance ne da wannan yanki, ka dawo gida ka ba da rahoto, ka tafi wani yankin ka sake kullawa. Ni na kai wajen rabi na ajiye, kuma har yau ban ji wani abu ya tsaya mani a rai ba don ban ga karshenshi ba. Wannan shi ne babban aibin gem irin wannan, ka bar shi ba ka yi kewarshi ba.

Wani abokina da muke wannan musun da shi a majalisa ya ce na cika tsanani, wai ai ba kullum ake cin abincin Sallah ba, tuwo da miyar kuka ma abinci ne, mutum ya dawo daga kasuwa a gajiye yana so ya rike fad ya huta ba sai gem ya girgiza mashi rayuwa ba. Na yarda da shi har zuciyata, kuma akwai gem din tsaka-tsaki da nake ganin girmansu. Assassin's Creed Mirage na 2023 misali ne. Labarinshi ba wani abin a zo a gani ba ne, fadan takobin ma bai kai ba, amma ya san girman kanshi, an sayar da shi dala 50 maimakon 70, cikin awa 15 zuwa 20 ka gama, kuma Bagadaza ce ta zamanin Abbasiyawa, kana bin lungu kana jin ana Larabci, har kiran sallah kana ji yana tashi a cikin garin. Ranar da kanena ya fara kunna shi wani dattijo makwabcin shagon ya leko ya tsaya kallo ya fi minti goma. Days Gone na 2019 shi ma yana da abin da ba na mantawa, babur din da sai ka nemo mashi mai ka gyara shi da hannunka in ya lalace, in man ya kare a daji sai dai ka tura, sannan ga gungun aljanun nan daruruwa da ke biyo ka kamar fari. Matsalarshi sai ka yi hakurin awanni masu yawa na jan kafa kafin ka iso wurin dadin. Ashe tuwon ba shi ne damuwata ba, damuwata a cika maka kwano da ruwan miya a karbi kudin nama.

Kwallo kau ita ce sarauniyar ba yabo ba fallasa, duk shekara sabuwar riga da sabbin 'yan wasa, ko da sunan ya tashi daga FIFA 23 ya koma FC 24 a 2023 wanda ke rike da fad bai ji wani bambancin kirki ba. Abin da ya cece ta shi ne mutumin da ke zaune gefenka yana maka tsiya in ka ci shi. Shi ya sa har yanzu za ka shiga unguwanni ka tarar ana buga tsohon PES a PS3 da aka sa ma sabbin 'yan wasa, kuma shagon a cike.

Sai kuma namu matasan da suka fara sharhin gem da Hausa a TikTok da Facebook, abin na burge ni kuma ina so ya dore, amma don Allah a rage "gem din nan wuta ne" don kawai an ga kyan hoto. Ku fada mana awa nawa yake ci, gigabait nawa ne, yana bukatar intanet kafin ya tashi ko a'a, mutum biyu na iya bugawa a tibi daya, kuma a awa ta nawa ya fara maimaita kanshi. Mai gidan gem da yaron da ya tara kudin dinki ko na gyaran waya don ya sayi faifai daya a shekara wadannan amsoshin suke bukata, makin saba'in din can ba don su aka ba da shi ba.

Kafin in bar shagon ranar kanena ya goge Far Cry din ya maida gem din fada Mortal Kombat 11 da ya cire don ya samu wuri. Ban kai ga tada babur ba yara biyu sun ja benci gaban tibin lungun, dayan na cewa Scorpion nashi ne kada wanda ya taba mashi.