Kar ka saka littafin da ba ka taɓa buɗewa ba a manazartarka

Ƙannena ɗaliban jami'a, ina so mu yi maganar shafin ƙarshe na asaimen ɗinku, shafin manazarta, wanda yawancinku ke bari sai daren da za a miƙa aiki sannan a haɗa shi cikin gaggawa ido na rufewa. Ni idan aka ba ni furojet ko asaimen in duba daga can nake farawa tun kafin in karanta gabatarwa, kuma wallahi mafi yawan lokaci daga wannan shafin nake gane ko ɗalibi ya yi karatu ko tattaro abin wasu kawai ya yi.

Abin da nake yi ba wani abu ba ne mai wahala, fensir nake ɗauka in bi cikin rubutun, duk inda na ga sunan marubuci da shekara a cikin baka sai in juya baya in neme shi a manazarta in sa masa alama. Sai ka ga suna ya fito a shafi na huɗu amma babu shi a baya, ko ka ga littattafai jere a baya waɗanda ko sau ɗaya ba a ambace su a ciki ba, an zuba su ne don shafin ya yi kauri. Wani lokaci a ciki an rubuta 2014 a baya kuma 2004, wanne mai karatu zai nema?

Na san abin da wasunku za su ce, wai ai waƙafi ne da aya kawai, me ya sa malami zai cire maki saboda waƙafi. Toh ku saurara, shi tsarin rubuta manazarta an yi shi ne domin wanda ya karanta aikinka ya iya komawa ya samo ainihin inda ka ɗauko magana ya duba da idonsa ko haka mai ita ya faɗa. Malaman hadisi sun riga kowa gane wannan, an ruwaito daga Abdullahi ɗan Mubarak cewa ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Haka abin yake a boko ma, in ka ce bincike ya nuna kaza, binciken wa, yaushe, a wace mujalla, shafi na nawa?

Tsarin ba guda ɗaya ba ne kuma nan ne mutane ke rikicewa. APA na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ce ta Amurka, ya faro tun 1929, bugu na 7 ya fito a 2019, shi suna da shekara yake so a cikin rubutu, fannin ilimi da zamantakewa sun fi amfani da shi. MLA na masu harshe da adabi suna da lambar shafi yake so. Injiniyoyi da 'yan kwamfuta IEEE suke bi, lambobi ne a jere, likitoci kuma Vancouver wanda ya samo sunansa daga taron editocin mujallun likitanci da aka yi a birnin Vancouver na Kanada a 1978. Shi kuwa Harvard babu wani littafi guda da kowa ya yarda shi ne hukuma a kansa, kowace makaranta da ɗan bambancinta, shi ya sa za ka ga ɗalibai biyu duk sun ce Harvard suka yi amma aikinsu bai yi kama ba. Ka tambayi sashenku wanne suke so, wane bugu, ka riƙe shi daga farko har ƙarshe, kar ka fara da APA ka ƙare da lambobi.

Maganar bugu ba ƙarama ba ce fa. Har yanzu ɗalibai na kwafar tsarin tsofaffin furojet daga laburare ba su san dokar ta canza ba. A APA na 7 an daina rubuta garin da aka buga littafi, sunan maɗaba'a ya isa. In marubuta uku ne ko fiye tun daga ambaton farko sunan na farkon za ka rubuta ka sa et al., wato da sauransu, amma a manazarta za ka jero su har mutum 20. In mutum ɗaya ya yi aiki biyu a shekara guda sai ka bambanta su da 2019a da 2019b. In ka ɗauko kalmominsa yadda suke sai ka sa alamar zance da lambar shafi, in sun kai kalma 40 sai a ware su a sakin layi nasu. In kuma maƙalar tana da DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake ba maƙala a intanet, ka saka shi, don adireshin intanet yana mutuwa amma DOI an yi shi ne don ya ci gaba da kai mutum wurin.

Amma duk wannan ana koya a wuni ɗaya. Abin da ya fi ci min rai shi ne ɗalibi ya ɗauko maƙala ɗaya ya karanta, sannan ya kwashe duk sunayen da mai maƙalar ya ambata ya zuba a nasa kamar shi ya karanta su. Ba ka san ko mai maƙalar ya fahimci maganar daidai ba, ba ka san ko ya yi kuskuren shekara ba, ka ɗauki kuskurensa ka wuce da shi, na bayanka ma ya kwafa daga gare ka. Alhali akwai hanyar gaskiya, ka nemo asalin aikin ka karanta, in bai samu ba ka rubuta cewa wane ne ya faɗa kamar yadda wane ya kawo, a manazarta kuma ka saka wanda ka riƙe a hannunka kaɗai. Manazarta goma da ka karanta za ka iya kare su ranar difens, hamsin ɗin da ka ara tambaya ɗaya za ta fallasa su.

Yanzu kuma ga ChatGPT da ire-irensa sun shigo, ka ce ya ba ka manazarta sai ya jero maka su tsaf da suna da shekara da mujalla, ka je nema ka tarar wasu babu su sam a duniya. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro. Lauyoyi fa. Kuma kar ka ce ai in na gama shi ke nan, ministan tsaron Jamus Karl-Theodor zu Guttenberg a 2011 ya rasa digirinsa na dakta ya kuma sauka daga muƙami saboda an gano ya kwashi rubutun mutane a kundinsa bai ambace su ba, shekaru bayan ya gama.

Turnitin ma, wanda makarantu ke duba satar rubutu da shi, mutane sun ɗauke shi ba daidai ba, kason kamanceceniyar kalmomi yake nunawa. Ka juya kalmomin mutum har kason ya sauka amma in tunanin nasa ne ba ka ambace shi ba, satar tana nan.

Shawarata ita ce tun ranar da ka buɗe littafi ko ka sauke maƙala ka rubuta marubuci da shekara da take da shafi a take, kafin ka kwafi ko jimla ɗaya, don in ka bari sai ƙarshe za ka zauna gaban fayiloli talatin a waya ba ka tuna wace magana daga ina ta fito ba. Akwai manhajojin tattara manazarta, Zotero kyauta ne, Mendeley ma haka, suna ajiye maka komai su jera maka a tsarin da ka zaɓa. Google Scholar ma yana bayarwa in ka danna alamar zance a ƙarƙashin maƙala, amma ka duba da idonka domin yakan bar lambar shafi ko ya juya sunan mutum, musamman masu suna uku, sai ya ɗauki na tsakiya ya mai da shi na dangi.

Malamai kuma, Allah ya ƙara muku haƙuri, amma da yawa daga yaran nan babu wanda ya taɓa zama ya koya musu, sai dai su ga jan biro. A ba su takarda ɗaya tun aji ɗaya mai misalin littafi da maƙala da babi da shafin intanet a tsarin da sashe ya amince da shi, a ware awa ɗaya a yi tare da su a allo, kuma malaman sashe ɗaya su daidaita a tsakaninsu don kar wannan ya ce a sa garin bugu wancan ya ce a cire.