Abokin da ya yi shiru, ku je ku ƙwanƙwasa masa ƙofa

'Yan'uwana ɗalibai, maganar nan ta daɗe tana cina, yau dai zan amayar da ita.

A watan Maris na 2020 aka ce mu tattara namu ya namu mu bar makaranta saboda korona. Mun ɗauka hutun wata guda ne, wasu ko katifa ba su ɗauko ba. Sai annoba ta haɗu da yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, wanda ya kama daga 23 ga Maris har 23 ga Disamba. Wata tara cur muna gida. Kowa na maganar takunkumi da wanke hannu, amma babu mai tambayar halin da zuciyar ɗalibi ke ciki.

Ina da aboki, shi ne mai koya mana karatu idan jarrabawa ta matso. A gidansu shi ne na farko da ya shiga jami'a, kuma a shekarar ya kamata ya gama. Kulle ya rufe shagon mahaifinsa a kasuwa, abinci ya fara wuya. Da farko shi ke cika mana zaure a WhatsApp da hira, daga baya ya ɗauke ɗif. Da aka sassauta kulle na je gidansu bayan la'asar. Na same shi kwance a ɗakinsa, taga a rufe, tuwon jiya na nan a kwano ko taɓawa bai yi ba. Na ce yaya, ya ce "Lafiya lau." Mahaifiyarsa ta ce mini, "Ɗan nan, ka yi wa abokinka faɗa, lalaci ya koya." Ni kuma na dafa shi na ce, "Ka yi haƙuri, kowa ma haka yake," na kama hanya. Har yau kalmar nan na yi mini ciwo, domin da ita na toshe masa baki.

Abin da ke damunsa ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne kamar hawan jini ko ciwon suga. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, abin da yake so a da ya fita daga ransa, barci ya ƙaurace masa ko ya yi masa yawa, abinci ya gagara, yana ganin kansa ba shi da wani amfani, to ya wuce ɓacin rai na yau da gobe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar, damuwa da fargaba sun ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari a duniya, kuma matasa na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa.

Don Allah mu daina cewa raunin imani ne. Annabi Yaƙub, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Manzon Allah (SAW) ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, shekarar baƙin ciki ake kiranta. Wane ne mu da za mu kalli mai ƙunci mu ce bai yarda da ƙaddara ba? A yi addu'a, a yi azkar, sannan a je wurin likita. Neman magani shi ma umarni ne.

Kai kuma da abin ke nuƙurƙusarka a ɓoye, kada ka bari wani a majalisa ya miƙo maka tiramol ko kwalbar kodin da sunan za ka manta. Za ka manta na awa biyu, ka farka da ciwo biyu. Faɗa wa mutum ɗaya da ka amince da shi, ko yayarka ce, ko limamin unguwa, ko malaminka. Idan makaranta na buɗe, fara da asibitin makaranta ko ofishin ba da shawara ga ɗalibai. Idan tana rufe, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. Na san abin da ake tsoro: kada a ce an gan ka a can, a ce ka taɓu. Da yawa daga masu zuwa magana kawai ake yi da su, a ba wasu magani, su koma gida a ranar.

Idan kuwa abokinka ya fara cewa "gara ma in mutu in huta", kada ka mayar da ita wasa, kuma kada ka rufa masa asiri a kan wannan. Tambaye shi kai tsaye, kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da babba a gidansu, a kai shi asibiti a ranar.

Ni sai bayan mako uku na koma wurin abokin nan nawa. Wannan karon ban yi masa wa'azi ba. Na buɗe taga, na zauna a bakin katifa na yi shiru, can sai ya fara magana, har aka kira magariba bai gama ba. Washegari ni da yayansa muka raka shi ganin likita.