Bindigar dala 199 da ta tona min asiri

Mai shagon ya ɗora min bindigogi biyu a kan gilashi. Ta farko Glock 19 ce, kuɗinta ya haura dala 500. Ta biyun dala 199, baƙa wuluk, da ƙaton kai, in ka hango ta daga nesa sai ka rantse injin huda bango ne na masu aikin waya. Na ɗauki ta farkon, na jujjuya, na ajiye cikin ladabi kamar yadda ake ajiye shadda a Kantin Kwari bayan an ji kuɗin yadi. Na ce a ba ni ta biyun. Ba zan kama sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, don daga baya an gano cewa wanda ya kamata a kama sunansa ni ne.

A nan Texas abin ba ya ɗaukar lokaci. In ka kai shekara 21 kuma kai ɗan ƙasar ne ko mai takardar zama ta dindindin, sai ka cike fom mai lamba 4473, mai shago ya tura bayananka wurin FBI a duba ko kana da wani tabo. A gida Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin jerin haramtattu, shi ya sa irinmu ba mu san ta ba sai a ƙugun ɗan sanda. Iyakar ilimina a kan bindiga a ranar shi ne ƙarar bindigar toka a hawan sallah.

Na kai ta wurin wani yayanmu ɗan Damagaram da ya daɗe yana aikin gadi da makami a Houston. Ya auna ta a tafin hannu, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanena, wannan in harsashi ya ƙare ka yi jifa da ita, duk ɗaya ne."

Nauyin nan yana da dalili. A bindigogi masu tsada, bututu da silaid, wato ƙarfen saman nan da ke zamewa baya ya dawo, a kulle suke da juna lokacin da harsashi ya tashi. Su ja baya tare kaɗan, sannan gindin bututun ya sunkuya ya saki silaid ɗin. Dabarar John Browning ce, wani Ba'amurke maƙerin bindigogi, kuma sassaƙa wannan kullin yana cin aikin inji, aikin inji kuma kuɗi ne. Tawa ba ta da kulli ko ɗaya. Bututun a kafe yake, abin da ke tare ƙarfin albarushin 9mm shi ne nauyin silaid da sifirin ɗin da ke bayansa. Dole ya zama ƙato. Ba ma sassaƙa shi ake yi ba, narkakken gamin zinki ake zubawa a mazubi, kamar yadda ake zuba tukunyar alminiyon a Panteka. Sakamakon shi ne bindiga mai nauyin giram 800 da ɗoriya tana cin harsashi 8, alhali waccan da na ajiye ta fi ta sauƙi kuma tana cin 15.

Ranar Juma'a muka fara zuwa filin koyon harbi, daga masallaci kai tsaye, ina cikin farar shadda da hula zanna. Kuskuren farko tun ban taɓa bindigar ba na yi shi. Na ɗora abin toshe kunne a kan hular, gefen hular ya ɗage shi ya bar ƙofa. Mutumin da ke layin kusa da ni ya saki harbi ɗaya, na ji kamar an mare ni da faranti. Ƙarar fistol tana haura desibel 150, a rufaffen ɗaki kuma bango yana maido maka da ita. Abin da masu hankali ke yi shi ne su cusa ɗan soso a ramin kunne, su ɗora babban a kai, ba hula a tsakani.

Aka maƙala takardar saiti a yadi 7. Harbi na farko ya tashi, na biyu ya tashi, na uku ma ya tashi, na ja kunama a na huɗu, shiru. Na duba, sai ga kwanson harsashi a tsaye a bakin tagar da yake fita, silaid ya danne shi. Amurkawa suna kiran wannan cijewar bututun murhu, kuma da ka gani ka san dalilin sunan. Na juya na dubi Yaya da fuskar wanda aka cuta a ciniki.

"Hannunka ne," in ji shi. "Ka riƙe ta kamar mai miƙa wa suruki goro."

Gaskiyarsa. Silaid yana buƙatar gangar bindigar ta tsaya cak kafin ya kai ƙarshen tafiyarsa. In wuyan hannu ya yi laushi, bindigar gaba ɗaya ce ke tafiya baya, silaid ya yi rabin hanya ya dawo, ya kama kwanson bai gama fita ba. Maganin a riƙo yake. Tsakanin babban yatsa da manuni ya hau can sama ya matse bayan gangar, hannun hagu ya cike gurbin da ya rage, manyan yatsun biyu su dubi gaba, wuyan hannu a sandare. In ta riga ta cije, ka ɗauke yatsa daga kunama, baki yana gaba, ka bugi gindin magazin, wato gidan harsashi, da tafin hannu, ka ja silaid har ƙarshe ka sake shi ya koma da ƙarfinsa. Kada ka raka shi a hankali. Wuri ɗaya ne ba a yin haka: in ka ji "fus" maimakon "tau", hannunka kuma bai ji naushi ba, ka tsaya, ka sauke komai, a leƙa bututu. Wataƙila kan harsashin ya maƙale a ciki, in ka aika masa da wani bututun ne zai fashe.

Na gyara riƙo, bindiga ta fara aiki, har na fara jin kaina. Sai wani kwanso ya bugi allon da ke raba layuka, ya dawo, ya faɗa ta wuyan kaftanina, ya gangara ya sami masauki a tsakanin singileti da fata. Wanda bai taɓa jin zafin sabon kwanso ba, ya tuna garwashin mai gasa masara. Na yi wani tsalle da ko ɗan koroso bai isa ba. Kafin in ankara hannun Yaya ya damƙe wuyan hannuna ya maido bakin bindigar gaba. Mai kula da filin, wani farin dattijo, ya iso yana faɗin abubuwan da ba sai na maimaita ba. Ƙa'idar ita ce, ko wuta ce ta kama ka, ka fara ajiye bindigar baki gaba, sannan ka yi rawarka. Tun daga ranar na gane abin da ya sa kowa a wurin ke sanye da riga mai matsattsen wuya da hular hana-sallah.

Ban bar filin ba sai da na ƙara wani kuskuren. Garin gajiya na ɗora babban yatsan hagu a bayan silaid, irin riƙon da ake yi a fim. Silaid ya dawo ya yanke ni kamar reza. Jini a gaban farar shadda, tabon ƙuna a ciki.

Duk wannan bai dame ni kamar takardar saitin ba. Harsasaina duka sun taru ƙasa ta hagu, wajen inci 4 daga tsakiya. Na ce shi ke nan, araha ba ta ado, an sayar min da bindiga mai harara-garke. Na dawo gida na yi lissafi irin na masana. Kuskuren inci 4, tazarar saitin gaba da na baya wajen inci 5, nisa inci 252. Ka ninka biyun farko ka raba da na ukun, ya ba ka kusan milimita 2. Ƙa'ida kuma ita ce ana matsar da saitin baya ne zuwa inda ake so harsashi ya koma. Na ɗauko sukudireba na matsar da shi dama, na ɗaga shi sama. Lissafin nan babu kuskure a cikinsa, har yau ina alfahari da shi.

Mako na gaba na miƙa wa Yaya ita don ya ga aikin injiniya. Ya saki biyar a natse. Dukkansu suka taru wuri ɗaya, murfin kwalbar zuma zai rufe su, amma can sama ta dama, inci 4 cif daga tsakiya. Ya dubi takardar, ya dube ni.

"Wa ya taɓa saitin nan?"

Na ce ai dama ƙasa take harbi.

Bai ce komai ba. Ya juya min baya ya cika magazin, ya ba ni. Harbi biyu suka tashi. A na uku na ja kunama, aka ji "ƙyas", babu ƙara, amma bakin bindigar ya yi ƙasa kamar kaza ta ga tsaba. Ashe harsashin roba ya cusa a tsakiya. Babu albarushi, babu naushi, babu wanda zan ɗora wa laifi. Ni ne nake danna bindigar ƙasa tun harsashi bai fita ba, don tsoron ƙarar da ke zuwa, yatsun hannun dama kuma suna matsewa tare da manuni su karkatar da ita hagu. Mai harbi da dama, ƙasa ta hagu yake zubawa, bahago kuma ƙasa ta dama. Dattijon nan na filin, wanda bai manta rawata ba, ya ga abin ya yi murmushi ya wuce.

A nan arahar tana da ɗan hannu, kada a ce na wanke ta tas. Kunamarta tana da tauri, sai ka ja da ƙarfin kusan kilo 3 da rabi kafin ta saki, bindigar kuwa ba ta kai kilo 1 ba. Kana jan abu da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau huɗu kana so kada ya motsa. Amma bututun da ke kafe ba ya rawa, shi ya sa a hannun da ya iya take zubawa wuri ɗaya. Na maido da saitin inda masu shi suka sa shi. Maganin da aka rubuta min: minti 10 kullum, a duba sau biyu a tabbatar babu komai a cikinta, harsasai na gaske a wani ɗaki daban, a sa na roba, a ɗora kwabo a saman silaid, a ja kunama a hankali har ta saki kwabon bai faɗi ba. Makon farko, tsintar kwabo a ƙarƙashin kujera na yi.

Sai batun wanki. Irin wannan bindigar ba ta da ɗan maɓallin kwancewa, sai ka sa ƙusa mai faɗin kai da guduma ka fitar da wani fil a bayan silaid. Na buga, fil ya fita, wani ɗan sifirin ya bi bayansa ya yi sama, ban sake ganinsa ba sai da na yi odar wani. Masu wayo a cikin farar leda suke kwance ta, duk abin da ya yi tsalle ya tsaya a ciki. Da na zo haɗawa na yi mata mai kamar mai suyar ƙosai, har cikin ramin allurar da ke bugun gindin harsashi. Bayan na harba kwalin harsashi biyu man ya haɗu da baƙin albarushi ya zama kwaɓaɓɓe, allura ta rasa gudu. Ka ja kunama, "ƙyas", shiru. In haka ta faru ana riƙe ta baki gaba na daƙiƙa 30, ko da harsashin mai jinkirin tashi ne, sannan a fitar da shi. Na duba gindinsa, alamar bugun ba ta fi tsinin allurar ɗinki ba. Ramin allura a bushe ake barinsa. Man da bindigar ke so bai wuce ɗigo huɗu ko biyar ba, a hanyoyin da silaid ke zamewa da bayan bututu.

Laifi ɗaya ne na kama ta da shi dumu-dumu. Ko bayan hannuna ya gyaru, takan cije jefi-jefi, kan harsashi ya tokari gangaren da ke kai shi cikin bututu maimakon ya hau. Yaya ya sa na rubuta wa magazin ɗina uku lamba da maka, duk cijewa in rubuta a littafi. Ba a je ko'ina ba mai lamba 2 ya tona kansa. Leɓunansa biyu na sama, masu riƙe harsashi a kusurwar da ta dace, da siririn ƙarfe aka yi su, ɗaya ya ɗan lanƙwashe ciki, sai harsashi ya riƙa fitowa da kai a sunkuye. Na jefar da shi na sayi sabo. Haka kuma ta fi son harsashi mai mulmulallen kai, na giren 115 ko 124, wato ma'aunin nauyin kan harsashi. Mai rami a baki wani ta karɓa wani ta ƙi, don haka duk irin da mutum zai dogara da shi sai ya harba aƙalla ɗari ya gani da idonsa. A littafina, cikin 200 na farko ta cije sau 14. Cikin 300 na ƙarshe ko sau ɗaya.

Da wannan labari mai daɗi na shigo gida, na tarar da uwargida ita ma da nata littafin. Bindiga 199. Harsashi kwali 12, dala 180. Kuɗin shiga fili sau 8, dala 160. Magazin biyu 40. Akwatin ƙarfe mai makulli saboda yara 90. Tabarau da abin kunne da tarkace 40. Ta ja layi ta rubuta 709.

"Malam, waccan da ka ce ta yi tsada, nawa ce ma?"

Na gyara zama na fara yi mata bayani cewa ai mai tsadar ma harsashi take ci, ita ma sai an biya kuɗin fili, ita ma akwati take so.

Ta buɗe tafin hannunta, sai ga ɗan sifirin ɗin nan, wai a cikin buhun shinkafa ta tsince shi. Ta ajiye min shi a kan littafin, ta ce, "Ita ma tana cin shadda?"